Shin Ko Kun San? Taswirar Ƙananan Kwalejojin Ƙwallon Amurka

Bari mu raba gardama tun da wuri. Ƙwallon da ake magana a nan shi ne wanda Amurkawa ke yi da hular kwano da kafaɗun roba, mai siffar gwanda, wanda ake rungumewa a ƙirji a ruga da shi kamar zari-ruga. Masu kallonsa a talabijin sun saba da manyan jami'o'i irin su Alabama da Michigan, inda mutum dubu ɗari ke cika fili. Amma yaron da ya gama sakandare yana neman inda zai yi karatu ya kuma buga wasa, da wuya ya samu gurbi a can. Rabonsa yana cikin ƙananan garuruwan da sai an matso da taswira kusa da ido kafin a ga sunansu.

Shin ko kun san cewa ƙananan sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba? Tun 1973 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta kasa makarantunta rukuni uku. Manyan da ake nunawa a talabijin ba su wuce 130 da 'yan kai ba. Rukuni na uku shi kaɗai yana da ƙungiyoyi wajen 240, na biyu sama da 150. Ga kuma wata hukuma daban, NAIA, mai hedikwata a Kansas City, da ƙungiyoyi kusan 100.

Shin ko kun san cewa in aka ɗiga wa kowace kwalejin rukuni na uku ɗigo ɗaya a taswira, gefe guda ne zai yi baƙi ƙirin? Pennsylvania, Ohio, New York, Massachusetts, Wisconsin, Illinois, Minnesota da Iowa za su koma kamar tururuwa ta samu sukari. A wasu wuraren, tafiyar awa ɗaya a mota za ta wuce da kai ta ƙofar kwalejoji uku ko huɗu. Dalili a tarihi yake. A ƙarni na 19, duk inda baƙi suka sauka suka kafa gari, cocinsu kan kafa 'yar kwaleji, Methodist da tasu, Lutheran da tasu, Katolika da tasu. Shi kansa wasan a wannan yanki aka haife shi: Rutgers da Princeton ne suka fara karawa ranar 6 ga Nuwamba, 1869, a New Jersey, aka tashi 6 da 4. Da ka doshi yamma kuwa sai ɗigon ya yi ta raguwa har ka ga fili fayau. Florida, duk da sunan da ta yi wajen fitar da 'yan wasa, ba ta da ko ɗaya a rukuni na uku. Alaska kuma babu jami'arta da ke buga wasan a gasar NCAA.

Shin ko kun san cewa nisa kaɗai yana iya kashe ƙungiya? Colorado College ta shafe sama da shekara ɗari tana wasa, amma a 2009 ta ajiye ƙwallo, saboda aljihu ya matse, kuma kusan duk abokan karawarta sai an hau jirgin sama kafin a kai gare su. A rukuni na biyu, Kalifoniya ta rasa Humboldt State a 2018, ta rasa Azusa Pacific a 2020. Jami'o'in da suka rage a arewa maso yamma, Central Washington da Western Oregon, sai suka koma buga gasa tare da makarantun Texas. Daga Ellensburg, garin Central Washington, zuwa Kingsville a kudancin Texas ya haura kilomita 3,000 a mota, kamar a je Legas daga Kano sau uku. Ɗalibin da ke da jarrabawa ranar Litinin shi ya san zafin wannan. Simon Fraser ta Kanada, wadda ita kaɗai ce memba a NCAA daga wajen Amurka, ta gwada wannan zirga-zirga a kakar 2022. Da gasar Texas ɗin ta ce ba za ta sabunta yarjejeniya da ita ba, sai ta rufe ƙungiyarta a watan Afrilun 2023.

Shin ko kun san cewa sunan makaranta yana iya kai ka ya baro? Wannan shi ya fi ba ni dariya, kuma shi ya fi sa a buɗe taswira. Akwai jami'ar da ta daɗe tana amsa sunan California University of Pennsylvania. Wanda ya ji sunan ya fara mafarkin bakin teku, to wani ƙaramin gari ne mai suna California a gaɓar kogin Monongahela, kudu da Pittsburgh, inda sanyi ke kama kunne. Indiana University of Pennsylvania ma a Pennsylvania take. Washington University tana St. Louis a jihar Missouri. Cornell biyu ce, babbar a Ithaca ta New York, ƙaramar a Mount Vernon ta Iowa cikin gonakin masara. Augustana ɗaya tana Illinois a rukuni na uku, ɗaya tana South Dakota a rukuni na biyu. Masu suna Concordia kuwa, sai a gaji da ƙirga.

Shin ko kun san cewa rukuni na uku ba ya ba da sikolashif na wasa ko na sisin kwabo? Doka ce. Ɗalibi zai iya samun ragin kuɗin makaranta saboda ƙoƙarinsa a aji ko saboda rashin halin iyaye, kuma mafi yawansu suna samu, amma koci ba shi da ikon sa hannu a ba shi saboda gudu ko ƙarfi. Duk wanda ya ce maka kawo kuɗi zai samo maka sikolashif na ƙwallo a wannan rukuni, riƙe aljihunka. A rukuni na biyu ana bayarwa, sai dai gwargwadon na mutum 36 ne kacal ga ƙungiyar da kan haura mutum ɗari, don haka yanka shi ake yi gutsi-gutsi: wannan rabi, wancan kwata. A NAIA na mutum 24 ne.

To me ya sa ƙaramar kwaleji ke ɗora wa kanta wasa mai cin kuɗi haka? Lissafi ne. Makarantar da ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba, in ta samu samari ɗari da suka zo don ƙwallo, kowannensu yana biyan kuɗin karatu da na ɗaki da na abinci, ƙungiyar ta ciyar da kanta har da ragowa. Shi ya sa wasiƙar koci mai cewa muna son ka zo ba ta nufin za ka taɓa ƙwallo ranar Asabar. Wasu a benci suke gama shekara huɗu.

Shin ko kun san cewa akwai kwalejojin shekara biyu da ke zama matattakala? Wanda makinsa bai kai ba, ko wanda aka kora daga babbar jami'a, kan faɗa can ya gyara kansa. Mafi shahara ita ce East Mississippi, a wani ƙauye mai suna Scooba da mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Netflix ta yi shiri a kanta a 2016.

Shin ko kun san cewa gagarabadau a rukuni na uku yana zaune ne a garin da bai wuce mutum dubu ashirin da 'yan kai ba? Mount Union ce, a Alliance ta Ohio. Kofi 13 ta ɗauka tsakanin 1993 da 2017, 11 daga ciki a hannun koci Larry Kehres, kuma ta taɓa cin wasa 55 a jere. Shekara bakwai cur, daga 2005 zuwa 2011, ita da Wisconsin-Whitewater ne kawai ke haɗuwa a wasan ƙarshe. Linfield ta Oregon kuma tun 1956 take gama kaka da nasara fiye da rashin nasara.

Wanda ya fi burge ni dai shi ne John Gagliardi na St. John's, makarantar 'yan Katolika a Collegeville ta Minnesota. Wasa 489 ya ci kafin ya yi ritaya a 2012, babu kocin jami'a, babba ko ƙarami, da ya kai shi. Kuma ta hanyar da kowa ya ce ba za ta yiwu ba ya yi: ba ya busa usur, ba ya barin yaransa su ka da juna a atisaye, atisayen ba ya wuce minti 90, kuma ya hana a kira shi koci, sai dai John.

Shin ko kun san cewa taswira tana gaya maka irin rigar da za ka saya? A Houghton, garin Michigan Tech, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai wajen mita 5. Filin Western Colorado da ke Gunnison yana kan tsaunin da ya haura mita 2,300, baƙon ɗan wasa kan fara haki tun kafin a je hutun rabin lokaci.

Shin ko kun san cewa a Indiana a kan ƙararrawar jirgin ƙasa ake gwabzawa? Wabash da DePauw, kilomita arba'in da 'yan kai ne tsakaninsu, tun 1890 suke karawa, kuma tun 1932 wanda ya ci shi ke tafiya da ƙararrawar, mai nauyin kilo 136. Satarta ta zama al'ada. A 1965 wani ɗalibin Wabash ya sha kwat ya je wajen shugaban DePauw a matsayin jami'i daga Meziko mai zancen tallafin karatu, ya roƙi a nuna masa ƙararrawar ya ɗauki hotonta. Aka kai shi har maɓoyarta. Ba a daɗe ba ta yi ɓatan dabo. Wata karawar abokan hamayya kuma, wasan kwalejojin Cortland da Ithaca na 2019, da aka kai shi filin MetLife, mutum 45,161 suka kalla, mafi yawa a tarihin rukuni na uku.

Shin ko kun san cewa zagayen nan da 'yan wasa ke yi su haɗa kai kafin kowane hari, daga jami'ar kurame ya fito? Gallaudet ce, a birnin Washington. A shekarun 1890 jagoran harinsu, Paul Hubbard, ya lura abokan hamayya na karanta maganar hannunsu, sai ya ce a zagaye a kare. Sun kuma daɗe suna amfani da ƙatuwar ganga a gefen fili, a doka, 'yan wasa su ji girgizarta a jiki su zabura.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin waɗannan ɗigo ne ya fitar da Christian Okoye? Daga Enugu ya tafi Azusa Pacific a 1982 don jifan faifai. Da aka bar shi a baya a tawagar Najeriya ta gasar Olamfik ta 1984, sai ya juya ga ƙwallon da bai taɓa bugawa ba, yana da shekara 23. Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar ƙwararru ta NFL, yadi 1,480, yadin nan dai da ake auna shadda da shi. Irinsa tsiraru ne. Cikin 'yan wasan jami'a ɗari, waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai biyu ba, kuma kusan dukkansu daga manyan makarantu.

Shin ko kun san cewa ɗigon kansa yana iya gogewa? MacMurray ta Illinois ta rufe a 2020. Finlandia ta Michigan da Iowa Wesleyan sun bi ta a 2023. Birmingham-Southern ta Alabama ta kulle ƙofa a ƙarshen Mayun 2024. Duk suna da ƙungiyar ƙwallo, duk kuɗi ne ya ƙare, kuma ɗaliban da ke tsakiyar karatu sai da suka tattara takardunsu suka nemi wata makarantar. Har yau akwai tsofaffin taswirori a intanet da ke nuna su da launinsu da tambarinsu.