Batirin da ba a ƙara wa ruwa: abin da ke kashe shi a mota da jirgin ruwa

Duk wanda ya je sayen batirin mota a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, abin da mai shago zai fara tambayarsa shi ne: mai ruwa ko drai sel? Yawancin mutane yanzu drai sel suke ɗauka, saboda an ce musu ba ya son wahala, ka ɗaura ka manta. Gaskiya ne ba a zuba masa ruwa. Amma maganar mantawa da shi ita ce ke sa batirin da ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu ya mutu kafin damina ta zagayo sau biyu.

A ciki, shi da tsohon batir mai marfi shida 'yan'uwan juna ne. Faranti ne na dalma jiƙe cikin asid, dabarar da wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya fito da ita a 1859. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ana caji, ruwan da ke cikin asid ɗin yakan rabu ya zama iska iri biyu, haidirojin da oksijin. A tsohon batir iskar ficewa take yi, ruwa ya ragu, mai mota ya buɗe marfi ya cika. Rufaffen batir kuwa an ƙera shi ne don ya riƙe ruwansa. Iri uku ake samu a kasuwa, kuma dukkansu drai sel ake kiransu. Akwai wanda asid ɗinsa ruwa ne tsamo-tsamo, an dai liƙe marfin, sau da yawa da ɗan idon gilashi a sama mai nuna kore. Shi ne ya fi yawa a motocinmu. Akwai AGM, wanda aka sa wata tabarmar zaren gilashi tsakanin farantan ta shanye asid ɗin. Sai jel, wanda aka haɗa asid da silika ya yi kauri. Waɗannan biyun na ƙarshe suna mayar da iskar ta koma ruwa a cikinsu, suna kuma da ɗan bawul da ke buɗewa idan matsi ya yi yawa.

A nan matsalar take. Duk lokacin da caji ya wuce kima, bawul ɗin ya buɗe, ruwan da ya fita ya fita ke nan har abada. Mai tsohon batir yana da damar gyara ɓarnar da kwalbar ruwa. Mai rufaffe ba shi da ita. Don haka abin da ya fi muhimmanci wajen kula da wannan batir shi ne sanin yawan wutar da ke shiga cikinsa, kuma ƙaramar mitar awon wuta da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki ta isa.

Lambobin ba su da yawa. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, idan cike yake, zai nuna tsakanin bolt 12.6 da 12.8. Idan ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12.0 kuwa ya yi nisa, a kai shi caji a ranar. Idan injin mota yana aiki, altaneta mai lafiya takan ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Da zarar ka ga 15 ko sama, regileta ta lalace, tana dafa batirin ne, kuma ko sabo ka sa gobe haka za ta yi masa. Idan kuma bai kai 13.5 ba, batirin ba zai taɓa cika ba. Jel ya fi sauran laushi, ba ya son a wuce masa kimanin 14.1, shi ya sa bai dace da yawancin motoci ba sai an daidaita masa caji.

Sai zafi, wanda mu a nan ba ma buƙatar a ba mu labarinsa. Masu ƙera batura suna lissafin rayuwar batir ne a kan digiri 25 na ma'aunin Selshiyos, kuma ƙa'idar da suka daɗe da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage wannan rayuwa da rabi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watannin Afrilu da Mayu sukan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet kusa da inji. Batir mai zafi kuma yana buƙatar caji ƙasa da na mai sanyi, kusan ragin bolt 0.3 idan aka tashi daga digiri 25 zuwa 40. Wannan ne ya sa rigar roba ko soso da wasu motoci ke zuwa da ita kewaye da batir ba kwalliya ba ce, kodayake ita ce abu na farko da ake jefarwa a gareji. A bar ta inda take.

Ƙarancin caji ma kisa yake yi, sai dai a hankali. Batirin da aka bari a sace na makonni, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ya taurare, ya hana su karɓar wuta. Motar da ake ajiyewa sai ranar Juma'a, ko wadda ba ta wuce kai yara makaranta ta dawo, tana cikin wannan hali, domin minti goma ba ya mayar da abin da kik ya ci. Ko batirin da ke kan kanta a shago yana zubar da wutarsa, kimanin kashi 3 cikin 100 a wata, fiye da haka a zafi. A duba ranar ƙira a jikinsa kafin a biya kuɗi, a kuma sa mai shago ya auna shi a gabanka. Wanda ya haura wata shida a ajiye ba tare da caji ba, ba sabo ba ne ko da yana cikin kwalinsa.

Game da masu caji na bakin titi, a yi hattara. Da yawansu suna jera batura ne a kan na'ura guda marar regileta, manya da ƙanana, a bar su har su yi zafi. Tsohon batir mai ruwa yana jure wannan. Rufaffe ba ya jurewa. Abin da ya fi masa shi ne caji a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa: mai 75Ah ya sha amfiya 7 zuwa 8, da caja mai yanke wuta da kanta. In ka taɓa shi ka ji ya yi zafi ko ka ga cikinsa ya kumbura, a cire. Wasu kuma sukan ɓalle marfin su zuba sabon asid wai don su farfaɗo da shi. Yakan tashi mota kwana kaɗan, daga nan shi ke nan.

Wajen ɗaurawa, ƙa'ida guda ce ba a saɓa mata: idan za a cire, a fara kwance wayar da ke kan alamar ragi, wato at, idan za a mayar, ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne duk jikin motar at ne. In sifana tana kan alamar tarawa ta taɓa ƙarfen mota alhali at yana haɗe, tartsatsin da zai tashi yana iya narka zobe a yatsa. A ɗaure batirin da ƙarfensa, domin girgizar hanyoyinmu tana karya faranti, igiyar roba da tsumma ba sa hana wannan. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan kanwa, a busar, a shafa ɗan giris. Wata al'ada da ya kamata a daina ita ce cire kan batir inji yana aiki don a gwada altaneta. A motocin yanzu wannan kan ƙona kwamfutar mota, mita kuma za ta ba da amsar cikin minti ɗaya. Manyan motoci masu bolt 24 da ke haɗa batura biyu, a canza baturan tare, don tsoho yakan ja sabo ƙasa.

A kan ruwa lamarin ya fi tsanani, tunda ba a tura jirgi ya tashi a tsakiyar Kainji ko tafkin Chadi. AGM ya fi dacewa da kwale-kwale mai inji domin ko ya karkata ba ya zubar da asid, yana kuma jure bugun igiyar ruwa. Amma akwai tarko: tsofaffin injinan jirgi da wasu ƙanana ba su da regileta sam, wutar da suke turawa tana iya haura bolt 15 idan an taka su sosai, kuma wannan yana busar da rufaffen batir cikin ɗan lokaci. A auna kafin a saya. A sa batirin cikin akwati a wuri mai tudu inda ruwan da ke taruwa a gindin jirgi ba zai kai gare shi ba, a ɗaure shi tam, a bar wa akwatin ƙofar shan iska, domin haidirojin yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wurin. Kada ya zauna kusa da jarkokin fetur. A sa fiyus a jikin jar waya dab da batir. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa a Amurka ta ce kada nisan ya wuce inci 7. Mai fitila da famfon kwashe ruwa da rediyo ya raba musu nasu batirin, irin na sola mai jure saukewa, ya bar na tayar da inji da aikinsa kaɗai. Ko irin na solar ma, kada a riƙa sauke shi ƙasa da rabi.

Idan batir ya mutu, dalmar da ke cikinsa guba ce. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a cikin gidaje ana tsintar dalma. Mu ma mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinare ta hallaka ɗaruruwan yara. Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata ko a kogi, kada a mayar da kwandonsa mazubin ruwan kaji. A mayar wa mai shago, akasari ma zai rage maka wani abu daga kuɗin sabo.