Shekara ashirin a Jidda da igamar shekara guda

Shirinmu na musamman a yau daga Daura yake zuwa muku, kuma zancen 'yan ci-rani za mu yi: biza, igama (wato takardar zaman baƙo a Saudiyya), da izinin zama na dindindin a ƙasar da mutum ya je neman abinci.

Mutumin Daura da iyaka ya tashi a bakin ƙofarsa. Ya hau mota zuwa Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'adua, ya tsallaka Nijar, ya ci kasuwa, ya gaida dangi a Matamaye ko Damagaram, ya dawo gida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice ranar 29 ga Janairu, 2025, ƙungiyar cewa ta yi a ci gaba da karɓar takardunsu har sai an ji sabuwar sanarwa. Wanda ya saba da wannan sauƙi, in ya yi nisa, sai ya ɗauka daɗewa a gari ke mai da baƙo ɗan gari.

To, mu leƙa Saudiyya, inda mutanenmu suke da yawa. Igamar ma'aikaci a ɗaure take da kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki, kuma sabunta ta ake yi. Ka shekara ashirin kana tuƙi ko ɗinki a Jidda, ranar da aikin ya ƙare ba ka sami wani kafili ba, zamanka ya ƙare. Shekarun da ka yi ba sa taruwa su zama haƙƙin zama, kuma ɗan da baƙo ya haifa a can bai zama ɗan ƙasa ba don an yanke masa cibi a Makka. Za ku ce ai ga Hausawi nan, irin su Osama Hawsawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya. Gaskiya ne, amma kakanninsu sun zauna Hijaz ne tun zamanin da ake tafiya aikin Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan. Wancan zamani ya wuce.

A watan Maris na 2021 an sassauta dokar kafili, ma'aikaci na iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai ubangidansa ya yarda ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne talakanmu suka fi samun gurbi. Akwai kuma igama ta musamman da aka ɓullo da ita a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 100,000 duk shekara, ko riyal 800,000 ta dindindin, wato sama da dala 200,000. Jama'a, mai irin wannan kuɗi ai ba ci-rani ya je ba. Wanda kuwa ya shiga da bizar Umara ya maƙale ya zama ɗan takari, kullum a ɗar-ɗar yake, don in aka kama shi tarhil za a kai shi, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, daga nan sai jirgin Kano.

A Ingila shekarun suna taruwa. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara 5 a kan bizar aiki tana iya neman izinin zama na dindindin. Amma ga tarkon masu yawan kai-komo: kada kwanakinka a wajen ƙasar su wuce 180 cikin kowane wata 12. Ka zo hawan sallar Daura, ka dawo ta'aziyya, ka tsaya ginin gida, kamfaninka kuma ya tura ka aiki wata ƙasa, duk lissafawa ake yi. A watan Mayun 2025 ma gwamnatin ƙasar ta fito da shawarar mai da shekarun 10 ga yawancin baƙi, sannan a Yuli ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje.

Amurka kuwa, mai katin zama na dindindin da ya shekara cur a waje ba tare da ya nemi izinin komawa kafin ya fita ba, ana iya ɗauka ya saki zamansa. A Yulin 2025 kuma ta taƙaita yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa wata 3, shiga sau ɗaya.

Bayan 'yar gajeruwar sanarwa, za mu duba yadda dillalan biza ke karɓar kuɗin gonar mutane da alƙawarin aiki a Dubai. Ku kasance tare da mu.