Gane Ciwon Zuciya Daga Ciwon Ƙirji

A ƙauyukan Safana da Batsari, inda ba kowane ɗakin shan magani ke da na'urar ECG mai zana bugun zuciya ba, bayanin majiyyaci shi ne awon farko. Ciwon da toshewar jijiyoyin zuciya ke haddasawa yakan danne tsakiyar ƙirji kamar an aza dutse, ya miƙe zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ya taso wajen huɗa, ya lafa bayan hutu, kuma mai shi yakan dafe wurin da dunƙulallen hannu. Abin takaici, ana yawan ɗaukarsa gyambon ciki, a jiƙa kanwa. Idan ya wuce minti 20 da zufa da haki, wajibi ne a garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya, Katsina.