Aikin yawo na masu gyaran gaɓoɓi a Amurka

Akwai ma'aikatan likita waɗanda ba su yin allura, ba su yin fiɗa. Aikinsu shi ne maido wa mutum ƙarfin jikinsa bayan ciwo. A Nijar ana ce musu kine. Su ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya sake tafiya. Su ke motsa ƙafar da ta sandare bayan karaya. Suna da abokan aiki masu koya wa majinyaci cin abinci da sa riga da hannunsa, da masu koya masa magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 1 cikin 3 yana da lalurar da wannan aiki zai yi wa amfani. Amma ma'aikatan ba su da yawa, kuma galibinsu suna zaune cikin birane. Ko a Amurka, ƙasa mai arziki, likitocin karkara sukan rasa su. Shi ya sa aka fito da aikin yawo a can.

Yaya aikin yake?

Ya yi kama da cin rani. Likitar da ta rasa ma'aikaci takan gaya wa wani kamfani, kamfanin ya nemo mata mutum. Galibi ana yin yarjejeniya ta sati 13, wato wata 3. In lokacin ya cika, ma'aikaci ya ƙara wa'adi ko ya wuce wani gari.

Amurka tana da jihohi 50, kowace da takardar izininta ta aiki. Amma jihohi fiye da 30 sun yi yarjejeniya tsakaninsu, don mai izinin wannan jiha ya samu na waccan da sauƙi.

Mi ke jawo matasa?

Na farko, kuɗi. Karatun kine a Amurka yakan kai shekara 7 bayan lise, kuma ɗalibai da yawa da bashi suke yin sa. Ban da albashi, mai aikin yawo yana samun kuɗin haya da na abinci. In yana riƙe da gidansa na asali, ba a cire haraji cikin waɗannan kuɗi. Ta haka yakan biya bashinsa da wuri.

Na biyu, sani. Cikin shekara guda yana iya aiki wuri 3 ko 4: babbar likita, gidan tsofaffi, ko bin majinyata gida-gida.

Ina wahalar take?

Wurin da ya kira baƙo, hannu ya rasa. Sau da yawa ba wanda ke da sukunin koya masa. Yakan iso yau, gobe a ɗora masa majinyata. To, wanda ya fito makaranta jiya yana da ilimi, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In ya matsa wa gaɓar da ba ta warke ba, majinyaci ne zai sha wuya.

Ban da wannan, in likita ta samu ma'aikaci na dindindin, tana iya yanke yarjejeniyar tun lokaci bai cika ba. Tsakanin aiki da aiki kuma babu albashi. Majinyaci ma yakan saba da mutum, bayan wata 3 ya ga sabuwar fuska.

Saboda haka, kafin sabon ma'aikaci ya sa hannu, ya kamata ya yi tambaya 3. Akwai tsohon ma'aikaci a wurin wanda zai duba aikinsa? Majinyata nawa za a ba shi kowace rana? Kwana nawa za a sanar da shi kafin a yanke yarjejeniya? In babu mai duba shi, gara ya fara zama wuri guda, ya ƙware, sa'an nan ya ɗauki jakarsa.