Ambato da Amfani: Yadda Ake Auna Binciken Likitocin Zuciya

Gabatarwa

Duk malamin jami'a da ya taɓa neman ƙarin girma ya san tambayar da ba a tsallake ta, wato maƙaloli nawa ka wallafa? A 'yan shekarun nan kuma an ƙara mata ta biyu: sau nawa wasu masana suka ambaci abin da ka rubuta? Matasan malamai da likitocin da ke tasowa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, wato shekara ashirin bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sun tarar da wannan ma'auni a kafe, kuma da shi za a auna su. Saboda haka ya kamata mu san me yake aunawa, me kuma ya gagare shi. Za mu ɗauki misalinmu daga wani reshe na likitancin zuciya da ake yawan rubutu a kansa, wato gyaran zuciya ta hanyar zura bututu, daga nan mu dawo gida mu dubi cututtukan zuciyar da ke damun mutanenmu.

Mene ne Gyaran Zuciya da Bututu?

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka tana da jijiyoyin da ke shayar da ita jini. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu har hanya ta ƙuntata, sai mutum ya riƙa jin ciwon ƙirji in ya motsa. Idan kuwa ta toshe gaba ɗaya, sai ɓangaren tsokar da ke bayanta ya fara mutuwa. A da babu yadda za a kai ga wannan jijiya sai an tsaga ƙirji. Yanzu kuwa likita kan huda jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, ya zura wani siririn bututu yana kallon tafiyarsa a na'urar hoto har ya kai wurin toshewar. A nan sai ya hura wani ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, sannan ya bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare bangon don kada ya sake rufewa.

Wani likita Bajamushe mai shekara 25, Werner Forssmann, shi ne ya fara nuna cewa bututu na iya kaiwa zuciyar mutum mai rai. A 1929 ya zura shi ta jijiyar hannunsa, ya ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. A ranar 16 ga Satumba, 1977, Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum mai shekara 38 da balan-balan a birnin Zurich na Suwizalan, mutumin kuwa idonsa biyu. Ragar ƙarfen ta biyo baya a 1986, a hannun Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan.

Yadda Ake Ƙidayar Ambato

Mai karatu ya san al'adar malaman zaure: idan ka kawo magana, sai a tambaye ka a wane littafi ka gan ta, wa kuma ya karantar da kai. Haka abin yake a kimiyya. Duk wanda ya rubuta maƙala dole ya jera ayyukan da ya dogara da su, kuma kowane suna da ya shiga jerin ya samu ambato ɗaya. A 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawara a mujallar Science cewa a tattara waɗannan ambato a kundi guda, don mai bincike ya iya bin sawun tunani daga wanda ya fara shi zuwa waɗanda suka ɗora a kai. Kundin ya fara fita a kai a kai daga 1964.

Daga wannan kundi aka samo ma'aunin tasirin mujalla. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ƙaddara wata mujalla ta buga maƙaloli 200 a 2021 da 2022, sai aka ambace su sau 600 a cikin 2023. Idan aka raba 600 gida 200 za a sami 3, wannan shi ne ma'auninta na shekarar. Bugu da ƙari, a 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake auna mutum ɗaya, wanda ake kira ma'aunin h. Idan aka ce na wani malami 10 ne, ana nufin yana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10.

Inda Ma'aunin Ke Tuntuɓe

Na farko shi ne lokaci. Ma'aunin mujalla shekara biyu kawai yake dubawa, alhali wani aikin sai ya daɗe kafin a gane darajarsa. Forssmann tsangwama ya samu daga manyansa, har ya bar fannin zuciya ya koma tiyatar mafitsara. Sai a farkon shekarun 1940 André Cournand da Dickinson Richards suka ɗauki dabararsa a Amurka suka inganta ta, kuma sai a 1956, bayan shekara 27, su ukun suka karɓi lambar Nobel. Da da ƙidayar shekara biyu aka auna shi, da an ce bai tsinana komai ba.

Na biyu, yawan rubutu a kan wata dabara ba ya tabbatar da cewa tana amfanar kowa. An yi shekaru ana saka ragar ƙarfe ga masu ciwon ƙirji na yau da kullum, ana ta wallafa maƙaloli suna ambaton juna. Da aka zo gwaji na tsanaki, binciken COURAGE na 2007 mai majinyata 2,287, da na ISCHEMIA na 2020 mai majinyata 5,179, sun nuna cewa ga wanda ciwonsa ba na gaggawa ba ne, gaggauta buɗe jijiya bai rage mutuwa fiye da shan magani yadda ya kamata ba, ko da yake yakan sauƙaƙa ciwon ƙirji. Inda aikin ke ceton rai ƙwarai shi ne lokacin da jijiya ta toshe farat ɗaya, muddin an kai majinyaci cikin sa'o'in farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne ambato yana bin inda masu rubutu suka fi yawa. Toshewar jijiyar zuciya ita ce babbar cutar zuciya a Turai da Amurka, can ne dubban masu bincike suke, can kamfanonin ƙera bututu da raga ke zuba kuɗin gwaje-gwaje. Maƙala a kan sabuwar raga tana da dubban waɗanda za su ambace ta. Maƙala a kan cutar da ke kwantar da mata a Jahun ko Kiyawa kuwa, masu rubutu a kanta a duniya ba su da yawa, don haka ko ta fi inganci, ƙidayarta za ta zo a ƙasa. Irin waɗannan dalilai ne suka sa a 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco, suna kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya yi rubutu a ciki.

Ciwon Zuciya a Ƙasarmu

A 2012 aka wallafa binciken THESUS, wanda ya bi majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Kano, inda Farfesa Mahmoud Sani ya shiga aikin. Hawan jini ne ya zo kan gaba da kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Akwai kuma lalacewar ƙyauren zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wanda ba a yi wa magani ba. Abin lura a nan shi ne, ita ma wannan cuta bututu na yi mata aiki: a 1984 wani likitan Japan, Kanji Inoue, ya wallafa dabarar buɗe ƙyauren da ya ƙuntata da balan-balan. Ke nan fannin yana da amfani gare mu, sai dai ɓangaren da talakanmu ya fi buƙata ba shi ne ya fi shan ambato ba.

Darasin Zariya da Kano

Kada mai karatu ya ɗauka ambato ba shi da rana. Ga misali daga gida. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry, sun lura da yawan mata masu jego da ke zuwa asibitin Zariya da kumburi da haki. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bayanin mata 224, suka danganta abin da al'adun jego, wato kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan maƙala ta shiga littattafan likitanci na duniya, aka yi ta ambatonta.

Da yake an rubuta ta an kuma adana ta, na baya sun sami abin gwadawa. A 1992 Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan cuta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci rajistar PEACE, wadda ta tattara majinyata 406 daga asibitoci 22 na Nijeriya. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya tabbatar cewa cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, har a wani asibiti aka samu kusan mace ɗaya a kowace haihuwa 96. Amma abubuwan da aka samu suna tafiya da ita su ne ramar jiki da rashin karatun boko da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, al'adun jego kuwa ba su fito a matsayin dalili mai ƙarfi ba. Dubi yadda Kano ta gyara wa Zariya bayan shekara 42, ta hanyar bin sawun abin da aka rubuta. Wannan shi ne aikin da Garfield ya ƙirƙiri kundinsa dominsa.

Kammalawa

A taƙaice, ambato yana nuna yawan masanan da suka yi amfani da aikinka a rubutunsu, kuma wannan abin so ne. Amma ba ya ƙidaya ungozomar da ta koyi gane hakin mai jego, ko yaron da aka yi wa allurar fenisilin ƙyauren zuciyarsa ya tsira. Don haka akwai nauyi a kan ɓangarori biyu. Kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta maƙalar kanta, su kwatanta mutum da takwarorinsa na fanni ɗaya. Masu bincike kuma, a asibitin Rasheed Shekoni na Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu da sauran asibitocinmu, su fara da rajista mai tsafta: wa ya zo, da wace cuta, bayan kwana nawa da fara ciwo, me ya same shi bayan shekara guda. Su haɗa hannu da Kano da Zariya da Sakkwato don adadin ya yi kauri, su kuma wallafa a mujallun da ake tace aiki da gaske, ba na masu karɓar kuɗi su buga komai ba. Da irin wannan ƙidaya ce hukuma za ta san ko ɗakin zura bututu ya kamata ta fara ginawa, ko kuwa na'urar awon jini da ta hoton zuciya za ta fara kaiwa kowane asibitin ƙaramar hukuma. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.