Ƙarar Injuna da Jin Kifi a Gulbin Zamfara

Masunta sun daɗe da sanin cewa kifi yana ji, shi ya sa sukan daki ruwa domin su kora shi cikin taru. Masana kimiyya sun tabbatar da haka, domin a 1923 Karl von Frisch, wani masani a Jamus, ya horar da wani kifi dangin tarwaɗa har yana fitowa idan an yi masa fito.

Kunnen kifi a cikin ƙoƙon kansa yake, da waɗansu 'yan duwatsu da ke kaɗa siraran gasu idan sauti ya iso. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa sun fi ƙarfasa ji, saboda waɗansu ƙananan ƙasusuwa sun haɗa kunnensu da jakar iskar da ke cikinsu. Kifi kuma yana yin sauti: kurungu yakan goga ƙayarsa ya yi ƙara, namijin ƙarfasa kuwa yakan yi gurnani wajen tsaron ramin ƙwai.

To, sauti yana tafiyar mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, watau fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska. Ƙugin inji kuwa mai kauri ne, irin wanda kifi ya fi ji, don haka yakan danne kiran 'yan'uwansa da motsin maƙiyinsa. A wani bincike da aka wallafa a 2016, an gwada a tekun Ostareliya, aka ga manyan kifaye sun cinye ƙanana fiye da ninki biyu lokacin da jiragen ruwa masu inji ke wucewa.

Mu dubi Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi. Da damina ruwansa jawur yake, kifi ya fi dogara da kunne bisa ido, kuma lokacin ne yake hayayyafa. Da rani gulbin yakan janye, kifi ya taru a gurabu masu zurfi, nan ne kuma manoman rani kan girke injunan ban ruwa. Kifin da ke gurbi ba shi da wurin gudu.

Saboda haka ya kamata malaman gona su zauna da sarakunan ruwa a ware gurabun da ba za a kusanto su da inji ba. Manomi zai sami ruwansa, masunci kuma ba zai rasa abincinsa ba.