Kayan keke na gida daban-daban: wanne ke shiga, wanne ke ɓarna?

Manoma da makiyaya, kun san keke ba abin wasa ba ne a ƙauye. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa. Shi ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa. Shi ke kai marar lafiya likita. Ran da ya lalace, aiki ya tsaya. To ga kaka ta yi. Wanda ya saida wake ko gujiya ya samu ƴan kuɗi, zai so ya gyara kekensa. Kafin ya tafi kasuwa, ya saurari wannan bayani.

Kekunan da ke hannunmu ba gida ɗaya suka fito ba. Akwai tsohon Peugeot na Faransa. Akwai Raleigh na Ingila, wanda ya shigo mana ta Kano da Katsina. Akwai Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya. Ga kuma kekunan gwanjo na Turai, masu siririyar taya da giya da yawa, waɗanda aka ƙera don gudu bisa kwalta. Kayan gyaransu duk a tabarma ɗaya ake baza su. Mai saye sai ya tambaya: kayan wannan gida yana shiga keken wancan gida? Wani yana shiga. Wani ba ya shiga. Wani kuma yana shiga ya yi ɓarna, kuma shi ne mai cinye kuɗin talaka.

Kaca ba ta san sunan kamfani ba

Mu fara da kaca, wadda wasu ke kira sarƙa. A nan maƙera sun yi mana adalci. Daga ƙusa zuwa ƙusa, kacar keke milimeta 12,7 ce, wato rabin inci. Haka take ko ta Japan ce, ko ta Sin, ko ta Faransa. Bambancin yana ga faɗi.

Keke marar giya, irin Phoenix da Raleigh, kacarsa mai faɗi ce. Keke mai giya, kacarsa siririya ce, don ta wuce tsakanin farantai masu haƙora da ke jere a ƙafar baya. Duk sanda farantan suka ƙaru, kaca sai ta ƙara sirancewa. Ta giya 7 ko 8 ta ɗara milimeta 7 kaɗan. Ta giya 10 wajen milimeta 6 ce. Ta giya 11 ba ta kai haka ba.

Saboda haka kada ka tsaya tambayar sunan kamfani. Ka duƙa ka ƙirga farantan baya na kekenka. In takwas ne, ka ce a ba ka kaca ta giya takwas. In ka sa mai faɗi a keke mai giya, za ta riƙa gogar farantin da ke kusa, ko ta maƙale. In ka sa siririya a keke marar giya, ba za ta zauna kan haƙora ba.

Zare: a nan ake asara

Zare shi ne layin nan da ya zagaye ƙarfe, wanda noti ke bi in ana ɗaura shi. A da, kowace ƙasa da irin zarenta. Mu kuwa a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni muna tsakiya: kayan Faransa daga wannan gefe, kayan Ingila daga wancan. Shi ya sa wannan matsala ta fi samun mu.

Ga misalin feda. Fedar tsohon keken Faransa, kaurin bakinta milimeta 14 ne. Fedar Ingila, wadda yawancin kekunan duniya ke bi a yau, ta ɗara haka kaɗan, kuma zarenta daban ne. Ido ba ya ganin bambancin. In ka sa fedar yau a sandar tsohon Peugeot, za ta fara shiga sannan ta cije. Mai gaggawa sai ya ɗauko sifana ya matsa da ƙarfi. Shi ke nan, zare ya mutu. Ya zo sayen feda, ya koma yana neman sanda. In kuwa fedar Faransa ce a sandar Ingila, za ta shiga sako-sako, ta riƙa girgiza, wata rana ta fice ana cikin tafiya.

A tuna kuma: fedar hagu, hagu ake murɗa ta wajen ɗaurawa. Haka take a kowane keke.

Cibiyar keke, wato inda sandunan feda ke juyawa, ita ma haka. Ta Faransa milimeta 35 ce, kuma gefe biyun duk dama ake murɗawa. Ta Italiya 36 ce. Ta Ingila ba ta cika 35 ba, kuma gefenta na dama, inda kaca take, hagu ake murɗa shi. Tsohon Raleigh ma yana da nasa zare na kansa: layi 26 a inci ɗaya, alhali sauran na Ingila 24 ne. Wanda ya kashe zaren cibiya, gangar jikin keken ya ɓata, ba ƙaramin ƙarfe ba. Firwil mai ɗaurawa da zare, wato dunƙulen haƙoran baya, shi ma akwai na Faransa, akwai na Ingila.

Dabarar mai sauƙi ce. A goge zare, a shafa ɗan mai, a ɗaura da yatsu kawai. Kayan da ya dace zai yi zagaye uku ko huɗu ba gardama. In ya cije tun da fari, ko yana rawa, a fid da shi. Sifana ta ƙarshe ce, ba ta farko ba.

Giya mai ƙas-ƙas

Yanzu sai kekunan gwanjo masu giya. In ka duba ƙarafansu, mafi yawa za ka ga ɗaya cikin sunaye uku. Shimano na Japan ne, an kafa shi a garin Sakai a 1921. Campagnolo na Italiya ne, a garin Vicenza, tun 1933. SRAM na Amurka ne, a Chicago, tun 1987. A tsofaffin kekunan Faransa kuma ana ganin Simplex da Huret.

Ga yadda giya ke aiki. Akwai hannun giya a gaba. Akwai waya. Akwai ɗan ƙarfe mai ƙananan ƙafafu biyu a baya, wanda ke tura kaca daga faranti zuwa faranti. Faransawa suna ce masa derayer. Hannu ya ja waya, waya ta ja derayer.

A da, hannun giya sulɓi yake yi. Mai keke ya ja a hankali, yana saurare, har kaca ta zauna. Kunnensa ne ma'auni. Irin wannan hannu ba ya zaɓen abokin aiki, kusan kowane derayer yana tafiya da shi. A 1984 Shimano ya fito da hannu mai tsayawa daki-daki, yana ƙas, ƙas. Ko wace ƙas giya ɗaya ce. Sauran gidaje suka bi. Abin ya yi daɗin tuƙi, amma kowane gida ya yanke nasa awo.

A yawancin kayan Shimano na giya 6 zuwa 9, in waya ta ja milimeta ɗaya, derayer yana matsawa kusan 1,7. Na Campagnolo wajen 1,5 ne. Na SRAM bai kai haka ba. To in ka haɗa hannun wannan gida da derayer na wancan, kamar ka ɗaura raƙumi da jaki a garma ɗaya ne. Kowa da takunsa.

Tazarar farantan baya ma ba ɗaya ba ce. A giya 9, ta Shimano milimeta 4,35 ce, ta Campagnolo 4,55. Wani zai ce wannan ai ba komi ba ne. Mu yi lissafi. Farantai tara suna da tazara takwas. Bambanci kaɗan sau takwas ya kai milimeta ɗaya da rabi har da ɗori. Mai gyara zai daidaita giyar farko ta zauna daram. Ta tsakiya ta fara kuka. Ta ƙarshe ta ƙi shiga, ko kaca ta yi tsalle. Tsallen kaca kuwa ba ƙara kawai ba ne. Mutum ya miƙe bisa feda yana hawan tudu da buhu a baya, kaca ta suɓuce, sai ƙasa.

Amma akwai inda suke jituwa. Farantan baya na Shimano da na SRAM, a giya 8 da 9 da 10, tazararsu ɗaya ce, kuma suna zama a ƙafa ɗaya. Na Campagnolo ba sa shiga wannan ƙafa, don tsagar cikinsu daban ce. Babban farantin gaba da sandunansa ba su cika tsanani ba, muddin kaca ta dace. Abin da bai kamata a raba ba shi ne hannun giya mai ƙas-ƙas da derayer ɗinsa. Su zama ƴan gida ɗaya, kuma ƴan zamani ɗaya. Ko cikin gidan Shimano, hannun giya 11 ba ya tafiya da derayer na giya 9.

A ganinmu, wanda ke nesa da birni kada ya wahalar da kansa da neman hannu mai ƙas-ƙas in nasa ya karye. Ya nemi tsohon hannu mai sulɓi. Ba shi da abin lalacewa da yawa, ƙura ba ta dame shi ba, kuma duk derayer da aka samu a kasuwa zai karɓa. In derayer ne ya karye a daji, ana iya cire shi, a rage tsawon kaca, a ɗora ta kan faranti ɗaya na tsakiya. Keke ya koma marar giya, amma zai kai ka gida. Shi kansa keken tsere, gaskiya, ba don rairayin ƙasarmu aka yi shi ba. Mai sayen keken dako ya duba wannan.

Sabuwar kaca, tsofaffin haƙora

Akwai wani haɗi da ba ya yi, ko da kayan gida ɗaya ne: sabo da tsoho. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai, ta riƙa cin ƙusoshin kaca. Kaca sai ta ƙara tsawo, ta ci haƙora su koma kamar ƙaya. In aka sa sabuwar kaca bisa irin waɗannan haƙora, tsalle za ta yi. Mai keke ya ce an saida masa jabu, alhali haƙoransa ne suka ƙare.

Ana iya aunawa da ma'aunin tela. A ja kaca ta miƙe. A sa alama ga ƙusa ɗaya, a ƙirga ƙusa 24 bayanta. A sabuwar kaca, tsakaninsu santimeta 30 da rabi ne. In ya ƙaru da milimeta ɗaya da rabi, a sake kaca tun haƙora na da rai. In ya ƙaru da milimeta 3, a shirya kuɗin kaca da na firwil gaba ɗaya. Ran kasuwa kuma a tafi da keken kansa, ko da tsohon ƙarfen da aka cire, a gwada a gaban mai kaya kafin a biya.